Hawan Dutsen Hira: lokacin da ya fi sauƙin cunkoso, da wanda ya kamata ya tsaya a ƙasa

Wani maniyyaci daga Talata Mafara ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, bana Allah Ya kira ni aikin Hajji tare da mahaifiyata. Tun ina makarantar allo nake jin labarin Kogon Hira, kuma ina da burin hawa Jabalun Nur in gani da idona. Waɗanda suka je sun ce mutane sun yi yawa, wasu har suka sauko ba su shiga kogon ba. Wane lokaci ya fi dacewa in je? Sannan Inna ta haura shekara 60, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa, ta kuma ce mini ƙafarka ƙafata."

Ɗan'uwa, Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Ya karɓi aikinka da na Inna. Na daɗe ina yi wa maniyyata bita a nan Zamfara ina kuma yi musu rakiya, na hau wannan dutse a lokuta daban-daban, da zafi da sanyi, da dare da hantsi. Amsata a gajarce ita ce: ka bari sai an gama aikin Hajji gaba ɗaya, ka zaɓi daren tsakiyar mako, ka hau tsakanin Isha'i da Asuba, Inna kuma ta tsaya a ƙasa. Yanzu bari in gaya maka dalilai, domin in ka san dalili za ka iya gyara shirinka da kanka idan hali ya canza.

Ka fara sanin siffar wurin. Jabalun Nur, wato dutsen da Kogon Hira yake kansa, yana arewa maso gabashin Masallacin Harami, tazarar 'yan kilomitoci, tafiyar mintuna a mota idan hanya ba ta cushe ba. Tsayinsa ya kai kusan mita 640 daga doron teku, amma kada wannan adadin ya tsorata ka, domin garin Makka kansa yana kan tudu. Abin da ƙafarka za ta hau bai wuce kusan mita 300 ba. Kada kuma ka raina shi: ka ɗauka bene ne mai hawa 90 ko fiye, babu na'urar ɗaga mutane, matakalarsa sun haura 1,000, wasu gajeru wasu sai ka ɗaga gwiwa sosai. Matashi mai jini a jika yakan kai sama cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Magidanci irinmu da ya saba hawa babur zuwa ko'ina, ya lissafa awa ɗaya da rabi, ko biyu.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba sai sun je shi ne kogon ba a ƙololuwar dutsen yake ba. Sai ka kai can sama, sannan ka gangara 'yan matakala ta ɗaya ɓangaren, ka kutsa ta wani matsattsen tsagi tsakanin manyan duwatsu wanda mutum ɗaya ke bi a lokaci guda, mai jiki ma sai ya karkace. Bayan tsagin akwai ɗan fili kaɗan, sannan kogon. Shi kansa tsawonsa bai kai mita 4 ba, faɗinsa kuma kamar mita ɗaya da rabi. Mutum biyu, in an matsa uku, su ne za su iya tsayuwa a ciki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A nan cunkoson yake. Matakalar tana ɗaukar mutane da yawa, ko ta cika za ka samu gefen da za ka raɓe. Bakin kogo ne ba ya ɗauka. Yi lissafin da kanka: mutum uku sun shiga, kowa ya yi raka'a biyu, ya yi addu'a, ya ɗauki hoto, an ci minti huɗu ko biyar. A awa ɗaya ke nan mutum 36 zuwa 45 za su samu shiga, in komai ya tafi daidai. Babbar motar ziyara guda ɗaya tana ɗaukar kusan wannan adadin. Mota ɗaya ta riga ka isowa, ka jira awa ɗaya. Mota biyar suka riga ka, hantsinka ya tafi. Kuma babu layi na gaskiya a wurin, masu shiga da masu fita duk ta tsagi ɗaya suke bi. Don haka duk dabarar kauce wa cunkoso a Hira ta tattaru a abu biyu: ka isa bakin kogon lokacin da motocin ziyara ba su nan, kuma ka yanke wa zuciyarka tun daga masauki cewa in ka tarar da turereniya ba za ka shiga ba.

Na biyun ya fi na farko wuya, shi ya sa nake son mu tsaya a kansa. Hawan Hira ba rukunin Hajji ba ne, ba wajibinsa ba ne, ba ya cikin sunnoninsa, haka ma a Umara. Wanda ya je Makka sau goma bai taɓa hawa ba, babu abin da ya ragu a aikinsa. Darajar wurin ta tarihi ce, kuma babba ce. A nan Annabi (SAW) yake keɓewa yana ibada darare masu yawa, ya ɗauki guzuri, in ya ƙare ya koma wurin Nana Khadija ya ƙaro, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari a hadisin da ke farkon Sahihul Bukhari. A nan Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, a watan Ramadan, shekara ta 610 Miladiyya, yana ɗan shekara 40. Muslim kuma ya ruwaito cewa wata rana yana kan Hira tare da Abubakar da Umar da Usman da Ali da Ɗalha da Zubair, dutsen ya motsa, ya umarce shi ya natsu domin babu kowa a kansa sai Annabi ko siddiƙi ko shahidi. Wanda ya hau don ya ga inda aka yi wannan, ya ji a ƙafarsa irin wahalar da Manzon Allah (SAW) ya sha lokacin da babu matakala ko ɗaya, ya yi abu mai kyau, kuma zai dawo da wani abu a zuciyarsa da karatu kaɗai ba ya bayarwa. Ni kaina duk lokacin da na tsaya ina haki a rabin hanya, abin da ke faɗo mini shi ne yadda ya sauko wannan gangaren zuciyarsa na bugawa, ya nufi gida yana cewa a lulluɓe shi.

Amma babu wata salla ta musamman da aka shar'anta a cikin kogon. Shafa duwatsu, ɗaura tsumma, rubuta suna da fenti, ɗebo tsakuwa a kawo gida, duk ba su da asali. Kuma ka tuna nasihar da Annabi (SAW) ya yi wa Sayyidina Umar game da Hajarul Aswad: kai mutum ne mai ƙarfi, kada ka yi turereniya a wurin dutsen ka cutar da mai rauni, in ka samu sarari ka taɓa, in ba ka samu ba ka fuskance shi ka yi kabbara. Wannan fa Hajarul Aswad ne, wanda sumbatarsa sunna ce tabbatacciya. To ina ga kogon da ba a umarce ka da shigarsa ba? Na sha ganin ƙato ya danne tsohuwa da kafaɗa a wannan tsagin don ya samu raka'a biyu. Ina jin zafin wannan har yau.

Sai batun wata da mako. Kada ka hau kafin Arfa, ko da abokan ɗakinka sun matsa maka, ko da jikinka na gaya maka kana da ƙarfi. Ƙafar nan kana buƙatarta a Mina da Arfa da Muzdalifa, da zuwa jifa da dawowa kwana uku, da ɗawafi da sa'ayi, ga kuma Inna da za ka riƙa tallafawa, wataƙila ma ka tura ta a keke. Akwai shekarar da wani alhaji a tawagarmu, matashi ne ma, ya faki ido ya bi wasu ya hau saura kwana huɗu a fita Mina. A saukowa ya gurɗe a idon sawu. Ɗawafin Ifada a keke aka tura shi, jifa kuwa wakilta ya yi, yana hawaye. Abin da ba wajibi ba ya ci masa wajibi. Ga kuma zafi: a waɗannan shekarun Hajji yana faɗowa ne a lokacin zafi a Saudiyya. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300. Zafin Afrilu na Mafara da Gusau da muke kuka da shi bai kai nan ba, kuma a gida akwai inuwar darbejiya da randar ruwa.

Bayan an sauko daga Mina ma kada ka yi gaggawa. Makon farko kowa ke rububin ziyara, musamman alhazan ƙasashen da jiragensu ke fara tashi, ga jikinka bai warware ba, ga tarin nan da kusan kowa ke kamuwa da shi. Mu 'yan Najeriya akwai abin da muke ƙorafi a kai wanda a nan ya zama mana alheri: galibi Madina muke fara zuwa, don haka bayan Hajji mukan zauna a Makka mako biyu, uku, wani lokaci fiye, muna jiran jirgi. Kowace rana garin na ragewa. Ka bari kamar kwana goma su wuce bayan Mina. Sai dai kada ka ja har a fara kiran sunayen 'yan jiharku, domin in jerin jirginku ya fito ba a jiran kowa, ga awon kaya, ga ɗawafin bankwana, kuma ciwon cinya na bayan hawan yakan ɗauki kwana biyu ko uku.

Hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Tun daga daren Alhamis mazauna Makka da Jidda da Ɗa'if, da ma'aikata baƙi da ke ƙasar, sukan fito da iyalansu. Ka zaɓi tsakanin daren Lahadi da daren Laraba.

Yanzu sa'a, wadda ita ce ginshiƙin maganar. Duk wanda ka tambaya zai ce maka ka je bayan Asuba. Shawarar ba ta da laifi ta fuskar sanyi, matsalarta ita ce kowa ita aka ba shi. Kana idar da Asuba a Harami, kafin ka fito daga cikin jama'a ka samu mota ka isa gindin dutse, gari ya waye, kuma kai da motocin ziyara za ku iso tare. Kana kai wa sama rana ta fito, za ka tsaya a bakin kogo cikin taro, ka sauko da hantsi rana na dukan ƙeyarka, babu inuwa sai 'yan rumfuna. Waɗanda suka fi wayo sukan fara hawa wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare don su yi Asuba a sama. Su ma suna da yawa, kuma da zarar an sallame gaba ɗayansu kogon suke nufa. Akwai ma abin da ba su lura da shi: a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, nafila bayan sallar Asuba makaruhi ce har rana ta ɗaga, daidai fitowar rana kuwa haramun ce. Haka bayan La'asar zuwa faɗuwar rana. Sai ka ga mutum ya sha matsi don raka'a biyu a lokacin da aka ce ya dakata.

Da tsakar rana wurin yakan yi sarari, gaskiya ne, amma dalilin da ya sa ya yi sarari shi ne dalilin da zai hana ka zuwa. Dutse ne tsirara da ke shan rana tun safe, ƙarfen da ake dafawa ma ba ya taɓuwa. Kada ka gwada.

Abin da ya rage shi ne tsakiyar dare, kuma shi nake bi da mutanena. Masu hawa bayan Isha'i sukan fara saukowa wajen 11, masu niyyar Asuba a sama kuma ba su fara ba. Tsakanin taron biyu akwai ɗan rata, shi za ka nufa. A wannan lokacin na shekara ana Isha'i a Makka wajen 8 da rabi, Asuba kuma 4 da 'yan mintuna. Ka yi Isha'i a Harami, ka ci abinci mara nauyi, ka ɗan kishingiɗa, ka bar masauki wajen 11. Ka fara hawa 11 da rabi, ka kai sama wajen ƙarfe 1, ka yi rabin awa, ka juyo. Kafin 3 kana ƙasa. Ba zan ce maka za ka tarar da wurin babu kowa ba, a lokacin Hajji Hira ba ya rabuwa da mutane, amma bambancin jiran minti 15 da jiran awa biyu babba ne. Wannan tsarin yana da wata riba da na fi so a kan duk sauran: ba ka rasa ko salla ɗaya a Harami ba, inda salla guda ta fi salla 100,000 a wani wuri. Wanda ya bar Asubar Harami don ya tsaya a layin kogo, ya sayar da sa ya sayi kaza.

Tun da rana ka tambayi jami'an tawagarku ko direbobin da ke bin hanyar ko an buɗe hawan a wannan daren, domin hukuma takan tsara shiga da fita yadda ta ga dama, musamman a lokacin Hajji. In jami'in tsaro ya ce a koma, a koma. Agogonka kuma ka tabbata yana kan lokacin Saudiyya, wanda ke gaban namu da awa biyu.

Ga masu karanta wannan da Umara za su je, lissafin ya ɗan bambanta. Ramadan ne mafi cika, goman ƙarshe kuwa dare ya fi rana cunkoso, kuma hawa da azumi a baki ganganci ne. Rabi'ul Awwal da Rajab ma ana cika, haka Disamba da Janairu saboda sanyi da hutun makarantu a ƙasashe da yawa. Muharram da Safar sun fi sarari, sai dai yanzu suna faɗowa cikin zafi, don haka dare ne nan ma. In da sanyi ka je, bayan Isha'i ko tsakiyar dare duk suna yi, ka riƙe rigar sanyi mara nauyi saboda iskar sama.

Mu dawo kan Inna, domin na san nan ne zuciyarka take. Shekara 60 kaɗai ba ta hana hawa, na ga tsofaffin da suka fi haka sun kai sama. Ciwon gwiwa da ciwon suga a haɗe su ne ke hanawa. Gwiwa a saukowa take shan wuya fiye da hawa, domin kowane taki nauyin jiki gaba ɗaya a kanta yake sauka, sau fiye da 1,000. Mai ciwon suga kuma da ke shan magani ko allura, doguwar wahala takan sa sugansa ya faɗi ba shiri: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ruɗewa. Ga ƙafa, wadda in ta yi ƙanƙanin rauni ga mai wannan ciwo takan daɗe ba ta warke ba. In abu ya faru a can sama, motar asibiti ba ta hawa matakala, sai dai mutane su ɗauko mutum a hannu. Haka maganar take ga mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai asma, da mai juna biyu.

Kada ka ce mata "Inna ba za ki iya ba". Uwa ba ta son jin wannan daga bakin ɗan da ta goya. Ka nemi malamin tawagarku ko wata hajiya sa'arta da take jin maganarta su gaya mata cewa hawan ba ya cikin aikin Hajji, kuma ɗawafi guda na nafila ya fi mata shi. Sannan ka ba ta nata rabon na ziyarar, kada ka bar ta da jin an tafi an bar ta. A gindin dutsen akwai wurin da aka gina aka buɗe a 2023, ana kiransa Hayyu Hira As-Saƙafi, wato unguwar al'adu ta Hira. A ciki akwai zauren baje kolin tarihin wahayi, inda ake nuna labarin saukar wahayi ga Annabawa da kwatancin kogon, akwai gidan adana tarihin Alƙur'ani mai tsofaffin mus'hafai, akwai wuraren zama da na cin abinci da banɗaki. Ka ware mata wani dare daban, bayan Magariba ko Isha'i, ku je tare da matan ɗakinsu. Ta zauna ta ɗaga kai ta ga dutsen da fitilun masu hawa, ka karanta mata Iƙra'a a wurin. Na kai iyaye mata da yawa haka, ban ga wadda ta dawo tana jin an rage ta da wani abu ba. A daren da za ka hau kai kuma, ka bar ta a masauki hannun wadda ka yarda da ita, maganinta da dabino a kusa.

Mace mai lafiya da ƙarfi da take son hawa, ta hau cikin ayari tare da muharraminta, ta sa wando a ciki, ta ɗaure hijabin da ke jan ƙasa don kada ta taka shi ko na bayanta ya taka. In ta tarar maza sun cika tsagin, ta tsaya daga sama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, duwatsun da muke da su irin na Kwatarkwashi, wanda ke tsaye gefen hanya in ka bar Gusau za ka Tsafe, yawancinmu daga cikin mota muke kallonsu. Ba kuma zan ce ka je can ka yi atisaye ba, halin tsaron da muke ciki bai bar mu da shiga duwatsu da dazuka yadda muke so ba. A cikin gari za ka yi. Saura mako shida ko takwas tafiya, ka fara tattaki bayan Asuba, rabin awa, kana ƙarawa har ya kai awa ɗaya. Ka samu bene, na makaranta ko na wani ɗan'uwa, ka riƙa hawa da sauka sau goma, sau ashirin. Wannan zai yi maka amfani a Mina fiye ma da Hira. Takalmin da za ka hau da shi ka saya tun yanzu ka riƙa sawa ya saba da ƙafarka.

Kambas mai ƙasan roba za ka sa, da safa. Silifas shi ne ya fi kayar da alhazanmu, matakalar ta sha tafin ƙafa ta yi santsi a wurare, ga ruwan da mutane ke zubarwa. Ban da babbar riga, ban da doguwar jallabiya mai harɗe ƙafa. Riga da wando marasa nauyi sun isa. Jakar goyo ƙarama, don hannayenka biyu su zama a sake. A ciki ka sa ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, da dabino, da ƙullin gishiri da sukari na ORS guda biyu, da 'yar tocila, kada ka dogara da ta waya ta cinye maka caji. Ko da dare zafin Makka a wannan lokacin yakan kai digiri 30, dutsen kuma yana fitar da zafin da ya sha da rana, za ka yi gumi sosai. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da hukumar Saudiyya ke bayarwa, da katin masaukinka su kasance a wuyanka, fasfo da manyan kuɗi su zauna a masauki, ka riƙe canjin Riyal kaɗan. Lambar gaggawa a Makka 911 ce. Ka kama ruwa ka yi alwala tun a ƙasa.

Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku yi yawa. Mutum uku zuwa biyar ya isa. Ayarin mutum ashirin shi kansa cunkoso ne, kuma dole a jira na baya. Ku yi ciniki da mai tasi kafin ku shiga, ko ku kira ta Uber ko Careem, ku ce a kai ku Hayyu Hira, daga nan hanyar da aka gyara take tashi. Ku ajiye alamar inda aka sauke ku, ku kuma yi alkawarin wurin haɗuwa in an rabu.

A hawan, minti goman farko ne ke yaudarar mutane. Kowa na da ƙarfi, sai a kwasa da sauri, a rabin hanya numfashi ya ƙare. Ka tafi da takin da za ka iya magana ba tare da haki ba, ka tsaya minti biyu duk bayan minti goma, ka kurɓi ruwa ko ba ka jin ƙishi. In za ka huta ka koma gefe, kada ka zauna a tsakiyar matakala. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai mai tsanani, ko nauyi a ƙirji, kowanne ya zo maka, tafiyar ta ƙare a nan, ka zauna ka huta ka juya, ɗaya daga cikin abokanka ya raka ka. Akwai birai a dutsen, manya, sun saba da mutane kuma sun san leda. Kada ka riƙe abinci a hannu, kada ka ba su, in sun fizge abu ka bar musu, kada ka jefe su, ƙasar Harami kake. Za ka iya tarar da masu bara a kan hanya. In za ka ba da sadaka ka ware ta a aljihun gaba tun a ƙasa, ba ka tsaya kana buɗe jaka cikin mutane ba.

In ka kai sama, kada ka zarce tsagin kai tsaye. Akwai inda za ka tsaya ka leƙa bakin kogon daga bisa, ka ga yawan waɗanda ke jira. In 'yan kaɗan ne kuma suna bin juna a hankali, ka sauka, ka cire jakar daga baya ka riƙe a gaba, ka bar masu fitowa su fito tukuna. Ka shiga, ka duba, ka yi addu'arka a gajarce, ka ba na bayanka wuri. Minti biyu sun isa. In kuwa ka ji hayaniya ka ga ana danna juna, ka zauna inda kake. In matsi ya rutsa da kai ba shiri, ka ɗaga hannayenka gaban ƙirji don ka samu numfashi, kada ka sunkuya ɗaukar takalmi ko waya, ka bi gefe a hankali har ka fita. Daga saman za ka hango Makka shimfiɗe da fitilu, da dogon benen agogo mai tsayin mita 601 da ke gefen Harami, shi zai nuna maka inda Ka'aba take. Ka matsa daga baki, kada hoto ya kai ka inda babu shinge. Ka samu dutse ka zauna, ka karanta ayoyin nan biyar a hankali. Sau biyu na hau ban shiga kogon ba, kuma waɗannan zaman na sama su ne na fi tunawa.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji tana rawa, hankali kuma ya riga ya koma masauki. Ka haska gabanka, ka dafa ƙarfe inda akwai, inda matakala ta yi tsayi ka sauka a karkace. Gorunan ruwanka ka sauko da su.

Za ka ji ana maganar Jabalu Saur, inda Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a hanyar Hijira a shekarar 622, wanda aya ta 40 a Suratut Tauba ta ambata. Yana kudancin Makka, ya fi Hira tsayi da wahalar hawa, mutane kuma sun fi ƙaranci a can saboda haka. Kada ka haɗa su a mako ɗaya, in ma Hira ta ba ka wuya ka tsaya a gindinsa ka gani. Shi kuwa Jabalur Rahma na Arfa, kada ka kusance shi ranar tsayuwa, Annabi (SAW) ya ce Arfa dukkanta wurin tsayuwa ce. Ka zauna a tantinku kusa da Inna. In ka sauko daga Hira kafin ƙarfe 3 kamar yadda muka tsara, kana da lokacin komawa masauki ka watsa ruwa, ka duba ko Inna ta sha maganinta, ku kama hanyar Harami tare kafin a kira Asuba.